Kwafin Hukuncin da Ka Ƙi Karɓa

Unguwar Koki, cikin birnin Kano.

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu Baduku.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Ko da kana raye ma karatun boko bai dame ka ba, miƙo min za ka yi ka ce in karanta maka. Amma magana ce ta cika min ciki. Umma ba ta son ji, ƙanena Kabiru kuwa da na fara sai ya ɗauki hularsa ya fita. Kai kaɗai ka rage, kuma kai ya kamata ka ji, don daga wajenka abin ya faro.

Bari in fara da labarin gida. Umma tana nan, sai dai gwiwar nan tata ta matsa mata, yanzu a zaune take sallah. Kabiru har yau bai sami aiki ba. Jikarka Hafsatu ta shiga sakandare, tsawo take ta yi kamar ba za ta daina ba. Ni ina nan ina koyarwa a firamaren da ka sani. Sojoji sun koma bariki, Baba. Ka sha cewa ba za ka ga ranar ba, kuma ba ka gani ba ɗin. An yi zaɓe, farar hula sun hau, har unguwarmu ta sami kansila. A rediyo kullum cewa ake yi yanzu talaka zai iya neman haƙƙinsa ba tare da tsoron bulala ba. Na yarda da su a lokacin. Ka ga ɗaya daga cikin wautata.

Ka tuna shari'arku da ƙaninka Baffa Sule? Na san ka tuna, ko da yake ba ka taɓa yarda a yi zancenta a gabanka ba. Bayan rasuwar kakanmu aka raba gida biyu, ɓangarenka na ciki, nasa na bakin hanya. Sai Baffa ya ce soron ma cikin rabonsa yake. Soron da kake zama kana ɗinka gafaka da layu da kube, soron da babu wata hanyar shiga ɓangarenmu sai ta cikinsa. Shi ya kai ka ƙara, ba kai ka kai shi ba. Alƙali ya zo har gida da mai unguwa na lokacin, aka duba, aka ji shaidu, aka yanke cewa soro da hanyar cikinsa naka ne. Duk Koki ta san haka.

Ina kwalejin horar da malamai a lokacin, na zo hutu. Ina tsakar gida ka dawo daga kotu. Umma ta tambaye ka ina takardar hukunci, ka ce ba ka karɓa ba. Ka ce mutum ba ya ajiye takarda a kan ɗan'uwansa da suka sha nono ɗaya, wai in ka ajiye ta kamar kana jiran wata rigimar ce. Ka yi alwala, ka sayi goro, ka shiga ɓangaren Baffa ka gaishe shi kamar shi ya ci shari'ar. Mutanen unguwa suka yi ta yabonka. Har yau in an ambace ka sai wani ya kawo wannan labarin.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina kallonka, raina yana tafasa. Na so in ce maka, Baba, kai za ka mutu, Baffa zai tsufa, mu za a bari da soron. Amma wace 'ya ce za ta faɗa wa ubanta haka? Na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

To ga abin da ya biyo baya. Ba a daɗe da yin addu'ar arba'in ɗinka ba Tasi'u, babban ɗan Baffa, ya fara kawo mutane suna zagaya ɓangarensu. Bayan zaɓe muka ji ya sayar wa sabon kansila, za su koma sabon gida a bayan gari. Wannan ba ruwanmu. Abin da ya zama ruwanmu shi ne a takardar cinikin har da soro.

Na fara zuwa wajen Baffa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa shari'ar. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce shi bai tuna wata kotu ba, shi da Habu ba su taɓa samun saɓani ba. Ka ji, Baba? Goron da ka kai masa ya yi aiki. Ya wanke masa komai, har da tunanin cewa an yi.

Na je wajen mai unguwa. Tsohon da ya tsaya a shari'arku ya rasu, ɗansa ne a kai. Ya ce ya sha jin labarin a bakin mahaifinsa, amma labari ba hujja ba ne, in kawo takarda. Na je wajen kansila. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo min lemo, yana ta Malama kaza Malama kaza. Ya ce shi ba ya cin haƙƙin marayu, in akwai takarda in kawo, ranar da ya gan ta zai cire hannunsa daga soro. Kowa takarda. Shaidunka uku duk suna maƙabarta tare da kai.

Haka na shiga neman abin da da hannunka kawai za ka miƙa a ba ka.

Kotun da ta yi muku shari'a ba ta nan inda ka bar ta. Na tarar da ginin an mayar da shi wani ofishi daban. Aka ce an haɗe ta da wata tun zamanin soja, in je can. Na je can, suka ce tsofaffin littattafai ba sa wajensu, an kwashe an kai wani wuri ta wajen Ƙofar Nassarawa. Na je nan ma aka ce in koma inda na fito. Sai a zuwa na gaba wani ya tausaya min ya nuna min ofishin da ake ajiye su, ya ce in nemi akawu, Malam Isyaku.

Malam Isyaku ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne da ya gaji. Ko kai bai ɗago ba ya tambaye ni lambar ƙara. Na ce ban da ita. Ya tambayi shekara. Na ce shekarar da soja suka canza launin kuɗi, mutane suka yi ta kwana a layin banki. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce Malama wannan ai ba lamba ba ce. Ya tambayi sunan alƙali. Ban sani ba. Abin da na sani dogo ne mai furfura, kuma ya sha ruwa a gidanmu da kofin silba. Wa zai nemo littafi da wannan?

Na koma gida na ɗauko takardar shaidar kwalejina, na lissafa shekarar daga nan. Na dawo. Ya ce to in rubuta takardar neman kwafi zuwa ga rajistara, in sa sunan mai ƙara da wanda ake ƙara da abin da aka yi shari'a a kai. Na rubuta. Ya ce saura shaidar cewa ni magajiyarka ce, in kawo wasiƙa daga mai unguwa. Mai unguwa ya yi ta min gobe, gobe, har na gane ba ya son kansila ya ga sa hannunsa a cikin maganar. Sai na je na yi takardar rantsuwa. Na tsaya gaban wani mutum da bai san ka ba na rantse cewa ni 'yarka ce. Na biya kuɗin nema aka ba ni rasit. Aka ce in dawo mako mai zuwa.

Ban san sau nawa aka ce min in dawo mako mai zuwa ba. Yau mai riƙe da makullin sito ya tafi ta'aziyya. Gobe ana taro. Jibi babu wuta, sito kuma duhu ne. Ina barin aji in hau hayis in zo in zauna a benci, in koma hannu wofi. Hedimasta ya kira ni ya yi min kashedi, ya ce yaran mutane ba su yi min laifi ba. Gaskiya ya faɗa. A bencin nan na saba da wani dattijo daga ƙauye da yake neman takardar gonarsu. Da asuba yake fitowa, da furarsa a leda. Ya ce min tun kafin a sauka daga mulkin soja yake zuwa, bambancin da ya gani shi ne an sauya hoton da ke bango. Daga baya na daina ganinsa. Ban sani ba ko ya samu ne, ko ya haƙura, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Wata mata a bencin ce ta raɗa min cewa in ban ba da na goro ba makullin nan ba zai taɓa dawowa daga ta'aziyya ba. Na bayar, Baba. Na san da kana nan za ka ɓata rai. Washegari aka buɗe sito.

Malam Isyaku ya ce shi ba shi da lokacin tonawa, in ina so in shiga da kaina. Na ɗaure mayafina a ƙugu na shiga. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Littattafai da fayiloli tun daga ƙasa har rufi, wasu a buhu, wasu an ɗaure da tsumma. Gefe ɗaya rufin yana yoyo, takardun wajen sun manne sun zama kamar tubali. Gara ta ci wasu, ɓera ya yi gida a wasu. Duk wanda na buɗe rayuwar wasu ce: rabon gado, iyakar gona, mace tana neman abincin 'ya'yanta. Na riƙa tunanin kowanne cikinsu akwai wanda zai zo nema wata rana ya tarar gara ta riga shi. Na yi ta addu'a kada naka ya kasance a ɓangaren yoyo.

Sai da na yi zuwa da yawa kafin na same shi. Babban littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya cinye amma tsakiyar tana nan. Na ga sunanka. Na ga sunan Baffa. Magatakardan alƙali ya rubuta duk abin da kowa ya faɗa, kuma ya rubuta maganarka yadda kake yin ta, a taƙaice, ba ƙari. Ina karantawa ina jin muryarka. A ƙasa ga sa hannunka da ajami, harafin farko ya karkace kamar yadda kake yi a bayan gafaka. Na zauna a kan buhun takardu na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Hannuna baƙi ƙirin da ƙura, na goge fuska da shi ban sani ba. Haka na fito, Malam Isyaku ya dube ni ya kau da kai, ya miƙo min butarsa.

Na ɗauka an gama. Ashe ganin littafi ba ya nufin komai sai an buga kwafi da tafireta, an sa hatimi, rajistara ya sa hannu. Na roƙi a bar ni in kwafa da hannuna, aka ce ba a karɓa. Mai buga tafireta ɗaya ce, aiki ya taru a gabanta. Da layi ya zo kaina ma'aikata suka tafi yajin aiki a kan albashi. Da suka dawo aka buga, sai aka ce an yi wa rajistara canjin wurin aiki, sabon bai kama ba tukuna. Na koma wajen kansila na ce masa na ga hukuncin da idona, ya ƙara min haƙuri kaɗan. Ya ce babu komai Malama, Allah ya kai mu.

Ina zaune a bencin kotu ranar da aka rushe soron. Da hantsi ne. Maƙwabciyarmu ce ta biyo ni har can ta faɗa min. Kafin in iso an gama. Azarorin an jingine su a bango, ƙyauren da ka yi wa faci da fatar sa yana kwance a kan hanya yara suna hawa. Alkukin da kake ajiye basilla da zare babu shi. Dutsen da kake buga fata a kai an mirgina shi bakin kwata. Ko a cikin ƙurar rushewar ina jin warin jima, Baba, ƙasar ɗakin ta sha shi shekara da shekaru.

Umma tana ciki, ba ta fito ba. Kabiru kuwa yana tsaye cikin yaran kansila, hannunsa a aljihu. An yi masa alƙawarin aiki a ƙaramar hukuma. Da muka haɗa ido ya sunkuyar da kai. Da yamma ya zo ya ce min Yaya ki yi haƙuri, da Baba yana nan shi ma cewa zai yi a bar musu. Ban mare shi ba, amma saura kaɗan. Abin da ya hana ni shi ne ban tabbata ƙarya yake yi ba. Za ka ce a bar musu, Baba? Za ka sake sayen goro?

Cikin ɗan lokaci suka ja bulo, suka tashi shaguna a inda soron yake. Mu kuma aka fasa mana bangon baya. Kansila ne ma ya biya magina, wai don kada a ce ya toshe mu. Ƙofar gidanka yanzu tana fita ne lungun nan na baya inda kwatar gidaje take bi, wanda ka hana mu wasa a ciki muna yara. Mutum biyu ba sa iya jerawa. In an yi ruwa sai an ɗora bulo ana takawa. Umma da gwiwarta ta daina fita, ko barka ko ta'aziyya sai dai ta aika.

Bayan duk wannan ne aka sa hannu. Malam Isyaku ya miƙo min shafi biyu da hatimi mai ruwan shuni, ya ce Malama kin yi ƙoƙari. Shafi biyu, Baba. Nauyinsu bai kai na goro ɗaya ba.

Na kai wa kansila. Ya karanta a tsanake har ƙarshe, ya ce kash, da ta zo da wuri. Ya ce yanzu ya riga ya kashe kuɗi, kuma shi da takardarsa ya saya, in ina da magana tsakanina da Tasi'u ne. Na wuce gidan Baffa a bayan gari na karanta masa tun daga farko, har inda aka rubuta maganarsa shi kansa. Bai musa ba. Da na gama ya ce Habu mutumin kirki ne, Habu bai taɓa nuna masa takarda ba. Ya juya fuskarsa bango. Na gane abin da yake nufi: kai ne mai kirki, ni ce marar kunya.

Na karanta wa Umma. Ta ce in ninke in ajiye, a bar wa Allah. Na riga na gaji. Na sa takardar a ƙasan akwati, na ce shi ke nan, ni ma na bi sahunka.

Ranar wata Juma'a ina yi mata tausa a gwiwa, tana kallon sabuwar ƙofar. Ba tare da ta dube ni ba ta tambaye ni ko makara za ta iya juyawa a lungun nan. Ta ce ta yi ta aunawa da ido, tana ganin ba za ta juya ba. Ta ce ba ta son a ɗaga ta ta kan katanga maza suna kallo, ko a naɗe ta a tabarma a bi da ita ta kan kwata. Ta ce kai ta soro aka fita da kai, a miƙe, da mutuncinka. Ba kuka take yi ba. Tambaya ce kawai, kamar mai tambayar ko gishiri ya ƙare.

Matar da ta zauna da kai tun tana yarinya, abin da take lissafawa ke nan da rana tsaka. Ka yi tunanin wannan ranar da ka ƙi miƙa hannu? Ka kare Baffa daga jin kunya. Wa ya kare Umma? An yabe ka a masallaci, an yabe ka a kasuwa, mu muke biyan kuɗin yabon. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Na san Allah ba zai bar ka haka ba. Amma kirkin da ka yi ba da naka kaɗai ka yi shi ba, har da namu ka haɗa ka bayar, ba ka tambaye mu ba.

Na ciro takardar daga akwati. Na shigar da ƙara, Baba, a kan Tasi'u da kansila. Lauyan da na samu bai ɓoye min ba, ya ce hujjata mai ƙarfi ce amma shari'a da mai mulki tana iya ɗaukar shekaru, kuma ko an ci, rushe ginin da aka riga aka yi wani aiki ne daban. Ban sani ba ko Umma za ta kai. Dangi sun juya min baya. An yi suna a gidan Tasi'u ba a gaya min ba. Gwaggo ta aiko a faɗa min na tona abin da ubana ya binne. Kabiru bai sami aikin ba, kuma ni yake ɗora wa laifi, ba ya cin abincin da na aika masa. An sa mana ranar zama bayan sallah. Zan je. Duk ranar da aka ɗaga zan koma, na riga na saba da benci.

Ba na neman ka yafe min wannan, don ban ga laifin da na yi ba. Ranar da aka yi maka sutura aka ce duk wanda ka yi wa laifi ya yafe, na ce na yafe, kuma har zuciyata na faɗa. Yau ma ban janye ba. Fushin ne dai ya ƙi tafiya, ban san inda zan kai shi ba. Ina yi maka addu'a bayan kowace sallah da shi a ƙirjina.

Kuma ina kewarka, wannan ne ya fi ci min rai. Na san da za ka dawo yau, ko kalma ɗaya cikin waɗannan ba zan iya faɗa maka ba. Durƙusawa zan yi in gaishe ka, in kawo maka ruwa, in tambaye ka hanya. Sai dai dole in fita in tare ka a bakin titi in riƙo hannunka, don ba za ka gane ta inda ake shiga gidanka ba.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ni ce 'yarka ta fari,
Saude.